Ranar da Muka 'Yanta Bayin Cikin Kwamfuta

A watan Oktoban 2020 wani saƙo ya shigo mana daga kamfanin da muke yi wa aiki daga nesa. Mu huɗu ne a nan gida, sauran ma'aikatan suna Amurka da Turai, aikinmu kuwa gyaran wata manhaja ce ta aika kuɗi zuwa ƙasashen Afirka ta Yamma. Saƙon ya ce daga yanzu babban reshen da muke ajiye rubutun manhajar ba za a ƙara kiransa "master" ba, sai dai "main". An ba mu mako guda mu kammala.

Bari mu ɗan fayyace wa wanda ba sana'arsa ba ce. Masu rubuta manhaja kusan duk duniya suna amfani da wani abu da ake kira Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Aikinsa kamar littafin lissafin mai shago ne, duk wanda ya ƙara layi ko ya goge sai ya rubuta sunansa da ranar. Asalin kwafin da kowa ke komawa gare shi an saba kiransa "master", kalmar da za ta iya nufin gwani, za ta iya nufin asalin faifai da ake kwafa daga gare shi, za ta kuma iya nufin ubangida. A wasu sassan sana'ar ma ba a ɓoye ba: in kwamfuta ɗaya ce ke ba da umarni wasu na bi, sai a kira ta "master", a kira mabiyan "slave", wato bawa. Jerin abubuwan da aka hana ana danganta shi da baƙi, jerin waɗanda aka amince da su ana danganta shi da fari.

An daɗe ana ƙorafi a kan waɗannan kalmomi. Masu kula da harshen Python sun cire nasu tun 2018. Amma abin da ya tunzura kowa shi ne kisan George Floyd a Miniyapolis ranar 25 ga Mayu, 2020, lokacin da ɗan sanda ya danne masa wuya da gwiwa sama da minti tara ana ɗauka a waya. Kafin watan Yuli ya ƙare, Linux ya fitar da sabuwar ƙa'idar kalmomi, Twitter ya wallafa jerin waɗanda injiniyoyinsa za su daina faɗa, daga baya kuma GitHub ya ce daga 1 ga Oktoba duk sabon rumbun aiki zai zo da "main".

Mun yi aikin, kuma ba mu yi gunaguni ba. Kalmar "main" ta ma fi gajarta, ta fi ma'ana. Sai dai sauyin ya karya mana wasu hanyoyin da manhajar ke bi kafin ta isa wayoyin mutane, muka kwana biyu muna ɗinki. Muna cikin wannan ɗinkin ne a daren Talata 20 ga Oktoba wayoyinmu suka fara ruri: sojoji sun buɗe wuta a kan masu zanga-zangar EndSARS a ƙofar karɓar haraji ta Lekki. Washegari a taron safe, abokan aikinmu na can suka tare mu da tambaya cikin damuwa ta gaske. Sun gani. Rihanna ta yi magana, Beyoncé ta yi, Hillary Clinton ta yi, Joe Biden da ke tsakiyar yaƙin neman zaɓe ya fitar da sanarwa. Wata daga cikinsu har ta tambaye mu inda za ta aika gudummawa.

Bayan mako biyar da 'yan kwanaki, ranar 28 ga Nuwamba, aka bi manoman shinkafa har gona kusa da Zabarmari a Jihar Borno aka yi musu yankan rago. Gawa 43 aka yi wa salla a rana guda. Ranar Litinin muka shiga taron safe, aka yi maganar hutun godiya na Amurka da abin da kowa ya ci. Bayan mako biyu aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, sama da 300. Aka yi maganar kyaututtukan Kirsimeti.

Mutanen nan ba mugaye ba ne, kuma ba munafukai ba ne. Da mun ɗauke su munafukai da mun huta, don munafuki ba ya buƙatar sharhi. Tambayar da ta daɗe tana cin mu ita ce me ya sa Lekki ta shiga idonsu, Zabarmari ta kasa, alhali ƙasa ɗaya ce, intanet ɗaya ce, mu ɗin da suka jajanta wa kuma mun fi kusa da ta biyun.

Amsar da muka samu daga sana'armu ta fito. Duk wanda ya taɓa cike fom a waya ya san rumbun bayanai ba ya karɓar abin da ba a tanadar masa gurbi ba. In gurbin na lamba ne ka sa harafi, sai ya tofo maka. Gwagwarmayar neman adalci da ta yi tashe a Amurka cikin shekarun nan, wadda ta bazu a jami'o'i da kamfanoni da shafukan sada zumunta, tana da irin wannan fom. Gurbin azzalumi an yanka shi daidai ɗan sanda, ko farar fata, ko gwamnatin Yamma. Gurbin wanda aka zalunta an yanka shi daidai baƙar fata ko wani ɗan tsiraru kamar yadda ƙidayar Amurka ta san su. Akwai kuma gurbi na uku da ba a rubuta ba: sai labarin ya zo da Turanci, ya zo da bidiyo. Lekki ta cike gurbin nan uku cif. Matasa ne baƙar fata masu adawa da zaluncin 'yan sanda, suna magana da Turancin da ake ji a Atlanta, DJ Switch kuma tana haska abin kai tsaye a Instagram. Ba'amurke ya kalla ya ga Miniyapolis. A Zabarmari kuwa wanda ya yi kisan baƙi ne, wanda aka kashe baƙi ne, addininsu ɗaya a suna, kukan da aka yi da Barbarci da Hausa aka yi shi. Fom ya tofo.

Haka aka yi a 2014. Daren 14 ga Afrilu aka sace 'yan mata 276 a Chibok. 'Yan Najeriya ne suka tayar da maganar, irin su Oby Ezekwesili da Hadiza Bala Usman da Aisha Yesufu, kuma su ne suka ci gaba da zaman dirshan a Abuja shekara da shekaru bayan duniya ta juya baya. Amma cikin mako uku maudu'in ya isa hannun Michelle Obama, domin akwai gurbin da ke jiransa: 'yan mata, makaranta, masu tsattsauran ra'ayi, labarin da aka riga aka koya daga harbin Malala a 2012. Mako bakwai kafin Chibok, mutanen nan dai sun shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Buni Yadi cikin dare, suka kashe ɗalibai maza, alƙaluman da aka fi ambata sun ce 59. Wasu a ɗakin kwanansu aka ƙone su. Ba wanda ya ɗaga kwali a Fadar White House.

Tunda a mujallar adabi muke, bari mu karanta takardun jagorar kalmomin nan yadda ake karanta ƙagaggen labari, domin kowane rubutu yana da wurin da labarinsa ya faru ko da marubucin bai faɗa ba. Mun karanta da yawa, aikinmu ya tilasta mana. Wadda ta fi yin suna ita ce ta sashen kwamfuta na Jami'ar Stanford, da ta fito fili a Disamban 2022 aka yi ta yi mata dariya har aka janye ta a watan Janairu. A cikinta har kalmar "American" an ba da shawarar a kauce mata, wai don nahiyar tana da ƙasashe da yawa. Abin dariyar shi ne ba mu taɓa karanta rubutun da ya kai ta zama ɗan Amurka ba. Kowace kalma da aka haramta, raunin da ke bayanta a ƙasa ɗaya aka ji shi. Bawan da ke cikin waɗannan takardu bawan gonar auduga ne a Misisipi, an kawo shi cikin jirgin ruwa, an 'yanta shi a 1865. Labari ne na gaskiya, mai ciwo, kuma jikokinsa na da haƙƙin su ce ba sa son ganin kalmar a allon aikinsu kullum safe. Amma a nahawun takardun, bauta aikatau ce ta shuɗaɗɗen lokaci. Abin da ya rage daga gare ta sai kalma, shi ya sa goge kalmar ya zama kamar kammala aiki.

To ga wata mata. A 1996 aka sayar da Hadijatou Mani a yankin Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar, tana da shekara 12, a kan sefa 240,000. An kai ta gidan wani mutum a matsayin wahaya, wato ta biyar bayan mata huɗu, mai aikin gida da gona da shimfiɗa ba tare da aure ba. Nijar ta mayar da bauta laifi a dokarta a 2003. A 2005 mutumin ya ba ta takardar 'yanci, amma da ta tafi ta auri wanda take so sai ya ce ai matarsa ce, kotu ta yanke mata ɗaurin wata shida bisa laifin aure kan aure. Ƙungiyar Timidria ce ta tsaya mata har gaban kotun ECOWAS, wadda a ranar 27 ga Oktoba, 2008 ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta, ta biya ta diyyar sefa miliyan 10. Git yana da shekara uku a duniya a lokacin. A Nuwamban 2017 kuma CNN ta nuna ana gwanjon 'yan ci-rani a Libiya, mutum a kan dala 400. An yi hayaniya ta 'yan makonni, an yi zanga-zanga a Faris, ƙura ta lafa.

Mai karatun da ya yi Shaihu Umar a makaranta ya san wannan hanya. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta littafin ne a gasar 1933, lokacin da bauta ba ta ma gama mutuwa a dokar Arewacin Najeriya ba, don sai 1936 aka rufe babin. Yaro aka sace, aka ƙetara da shi Sahara, uwa ta bi sahunsa har ita ma ta faɗa hannun masu saye da sayarwa. Hamadar da ayarin littafin ya ratsa ita ce motocin Hilux ke ratsawa yau daga Agadas. Muna da adabinmu a kan bauta, muna da kalmominmu, rinji da murgu da cucanawa da kuyanga, kowace da tarihinta. Ba ɗaya daga ciki da zai shiga fom ɗin, domin ubangidan da ke cikinsu ba farar fata ba ne.

Wani zai ce, to ina ruwan injiniyan Kaliforniya da Birnin Ƙonni? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kowa ya gyara gidansa. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma da za mu karɓe ta da a ce gidan nasu ya tsaya a iyakarsa. Sai dai gidan ya shigo aljihunmu. Mutanen da suka yi taro a kan kalmar "slave" su ne ke rubuta manhajar da ke yanke abin da ɗan Jos zai gani da safe in ya buɗe waya. A nan ne zancen ya daina zama na ɗanɗano.

Ranar 1 ga Yuni, 2020 ɗaruruwan ma'aikatan Facebook suka ajiye aiki na yini guda saboda kamfanin ya ƙi taɓa wani saƙon Donald Trump da ke barazana ga masu zanga-zanga. Sun yi daidai. Amma shekara biyu kafin nan masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce dandalin ya taka muhimmiyar rawa wajen hura wutar ƙiyayyar da ta kori Rohingya sama da 700,000 daga Myanmar zuwa Bangaladash, kamfanin da kansa ya amsa a Nuwamban 2018 cewa bai yi abin da ya kamata ba. Ba mu ga an ajiye aiki ba. A watan nan dai BBC ta fitar da bincike a kan yadda hotunan ƙarya da aka yaɗa a Facebook suka ƙara rura rikicin Jihar Filato na Yunin 2018, ta kuma ce masu tantance labarai na cikakken lokaci da aka ware wa Najeriya mutum huɗu ne, ga masu amfani da dandalin miliyan 24, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu. Takardun da Frances Haugen ta fitar a 2021 sun sa wa abin lamba: kashi 87 cikin ɗari na abin da kamfanin ya ware don tantance labaran ƙarya Amurka yake tafiya, sauran duniya ta raba kashi 13, alhali masu amfani da shi a Arewacin Amurka kimanin kashi 10 ne. A Nuwamban shekarar aka harbe Farfesa Meareg Amare a ƙofar gidansa a Bahir Dar ta Habasha, bayan an wallafa hotonsa da unguwarsu a Facebook ana yi masa ƙazafi. Ɗansa ya kai ƙara a kotun Kenya yana cewa ya yi ta kai rahoton saƙonnin ba a cire ba.

Su wa ke cire irin waɗannan saƙonni in an tashi cirewa? A nan ne labarin ya fi yi mana ɗaci, don abokan sana'armu ne ta wata fuska. A Nairobi wani kamfani mai suna Sama ya ɗauki matasa daga ƙasashen Afirka daban-daban, har da 'yan Najeriya masu duba abin da ake wallafawa da Hausa. Aikinsu su zauna yini guda suna kallon yankan mutane da fyaɗe da cin zarafin yara, su danna a cire ko a bari, cikin daƙiƙoƙi. Mujallar Time ta ruwaito a 2022 cewa wasunsu na komawa gida da kimanin dala 1.50 a awa. Daniel Motaung, ɗan Afirka ta Kudu da ya yi ƙoƙarin haɗa su ƙungiya a 2019, an sallame shi. A Janairun 2023 mujallar ta sake bankaɗo cewa ma'aikatan kamfanin nan ne suka tace wa OpenAI ƙazaman rubuce-rubuce don ChatGPT ya iya ladabi, a kan ƙasa da dala 2 a awa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Manhajar da ba za ta yarda ta furta kalmar cin mutunci ga baƙar fata ba, baƙar fata ne suka sha dafin kafin ta koya. Ranar 1 ga Mayu, 2023 sama da 150 daga cikin irin waɗannan ma'aikata suka kaɗa ƙuri'ar kafa ƙungiyar ƙwadago a Nairobi. Mun duba zaurukan hirar da a 2020 aka kwana ana musu a kan sunan reshe. Shiru kake ji.

Ba ma sai mun tsaya a kan batirin wayar da ake karanta wannan rubutu da ita ba. Kimanin kashi 70 na ma'adinin kobalt na duniya daga Kwango yake fitowa, wani ɓangare daga ramukan da ake haƙa da hannu, da yara a ciki.

Dole mu yi adalci, don akwai waɗanda suka fasa fom ɗin daga ciki. Sophie Zhang, ma'aikaciyar Facebook da aka kora a 2020, ta rubuta doguwar wasiƙa a kan yadda ake watsi da maguɗin siyasa a ƙasashe irin su Honduras da Azarbaijan saboda ba za su jawo wa kamfanin surutu a jaridun Amurka ba. Kuma gwagwarmayar baƙar fatan Amurka ita kanta tana da tsohon tarihin da ya fi wannan faɗi. A 1970 wasu ma'aikatan Polaroid biyu, Caroline Hunter da Ken Williams, suka gano ana amfani da kayan kamfaninsu wajen ɗaukar hotunan takardun izinin yawo da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ke tilasta wa baƙaƙe riƙewa. Suka tayar da ƙayar baya, Hunter ta rasa aikinta, amma a 1977 Polaroid ya tattara ya bar ƙasar. Tambayar da suka yi mai sauƙi ce: abin da hannunmu ke ƙerawa, me yake yi wa mutane a inda ba ma gani? Jikokinsu a sana'a sun musanya ta da wata: me bakinmu ke faɗa a inda ake jin mu? Ta biyun ba ta cin ko sisin kwabo daga ribar kamfani, shi ya sa shugabannin kamfanoni suka rungume ta da hannu biyu. Sauya sunan reshe aikin kwana biyu ne. Ɗaukar masu jin Hausa da Amharik da Oromo dubu a biya su albashin mutunci, wannan sai an taɓa aljihun masu hannun jari.

Gaza ta nuna tsohuwar jijiyar ba ta mutu ba. A Afrilun 2024 ɗalibai suka kafa tantuna a Jami'ar Kolombiya, ma'aikatan Google kuma suka yi zaman dirshan a ofis saboda kwangilar dala biliyan 1.2 da kamfanin da Amazon suka ƙulla da gwamnatin Isra'ila. Mutum 28 aka kora a tashin farko. Wanda ya sadaukar da albashin Google saboda mutanen da bai taɓa gani ba, ba ma da bakin yi masa gori. Amma a makon nan dai yaƙin Sudan ya cika shekara guda. A makon nan dai Microsoft ya sanar da zuba dala biliyan 1.5 a kamfanin G42 na Abu Dabi, alhali masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun riga sun ce zargin da ake yi wa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na bai wa dakarun RSF makamai abin gaskatawa ne, duk da ƙasar ta musanta. Masu binciken nan sun ƙiyasta mutum 10,000 zuwa 15,000 aka kashe a garin El Geneina kaɗai a 2023, akasarinsu 'yan ƙabilar Masalit, kuma launin fata da asali suna cikin dalilan kisan. Sama da mutum miliyan 10 sun bar gidajensu. A Agustan 2024 aka tabbatar da matsananciyar yunwa a sansanin Zamzam. In akwai inda taken cewa ran baƙar fata yana da daraja ya kamata ya yi amo, to Darfur ce. Gaza ta samu shiga ne saboda hanyarta ta bi ta Washinton, bam ɗin na Amurka ne, akwai wanda za a yi wa ihu a gida. Wanda ciwonsa bai bi ta can ba, sai ya jira.

Yanzu kuma mu. Laifi tudu ne, kuma mun daɗe a kan namu muna hango na wasu. A Yunin 2020 mu ma mun sa baƙin hoto a Instagram, wasunmu ba su taɓa rubuta kalma ɗaya a kan Zamfara ba. Mun iya sunayen baƙar fatan da 'yan sandan Amurka suka kashe, ba mu iya sunan manomi ɗaya na Zabarmari ba. Sudan da muke zargin Turawa da mantawa, Hausawa ne fa ke zaune a cikinta tun zamanin tafiya Makka a ƙasa. A Yulin 2022 rikicin ƙasa da sarauta a jihar Blue Nile ya ci rayuka sama da 100, a Oktoba ya sake cin kimanin 200 a yankin Wad al-Mahi, Hausawa na tsakiyar abin. Kwana nawa muka yi muna maganar? Kuma muna da fom ɗinmu na gida, wanda ya fi nasu ƙunci. Da aka kashe mafarauta 16 a Uromi a Maris ɗin 2025 mun girgiza intanet, kuma ya dace. Da wani babban jami'in gwamnatin Kaduna ya shaida wa kwamitin bincike cewa gawa 347 aka binne a rami ɗaya bayan abin da ya faru a Zariya a Disamban 2015, da yawanmu sun duba aƙidar mamatan suka yi shiru, wasu ma suka yi murna. Da aka kashe Deborah Samuel a Sakkwato a Mayun 2022, marubutanmu da yawa sun ga wayarsu ta ƙare caji. 'Yan kudu da suka yi kukan Lekki su ma ba su cika waiwayar Tudun Biri ba, inda jirgin soja marar matuƙi ya kashe aƙalla mutum 85 a wajen Mauludi. Har gobe akwai gidajen da ake fasa aure in bincike ya nuna kakan yaro bawa ne, mu kuwa muna can muna goge kalmar daga kwamfuta.

Akwai kuma haɗarin da ke cikin irin wannan rubutu namu, gara mu faɗa da bakinmu. Zancen "ai su ma munafukai ne" shi ne sandar da masu mulki suka fi so. Da Twitter ya goge saƙon Shugaba Buhari a Yunin 2021, ministan yaɗa labarai da wannan sandar ya fito, ya ce kamfanin na nuna son kai, kuma ba a rasa ƙamshin gaskiya a maganar ba. Abin da ya biyo baya shi ne rufe dandalin wata bakwai, daga 5 ga Yuni har 13 ga Janairun 2022, masu sayar da atamfa da turare ta intanet suka ji a jikinsu. Duk gwamnatin da ta ce Turawa ba su damu da mutanenta ba, a duba da kyau, sau da yawa so take kowa ma ya daina damuwa. Mu ƙorafinmu shi ne a faɗaɗa gurbin, kuma wanda ya ƙera abin da ya shiga rayuwar mutum biliyan uku ya san cewa unguwarsu ba ita ce duniya ba.

A makon da muka sauya sunan reshen nan, ɗaya daga cikinmu ya lura da wata matsala a manhajar tamu. Gurbin sunan mai karɓar kuɗi ba ya gane haruffa masu lanƙwasa. In ka rubuta Ɗanjuma, rasit ɗin sai ya fito da alamar tambaya a madadin harafin farko, wani lokaci ma a riƙe kuɗin a ce suna bai dace da na asusu ba. Haka Ɓaidu, haka Ƙasimu. Gyaran bai fi aikin yini ɗaya ba. Ya rubuta rahoto, ya haɗa da hotuna, ya bayyana cewa harshen mutum sama da miliyan 50 ne. Aka gode masa ƙwarai, aka ce abu ne mai muhimmanci, aka liƙa wa rahoton alamar "ba na gaggawa ba". Shawarar da sashen kula da abokan ciniki ke bayarwa ita ce mutum ya rubuta sunansa da harafin Turanci. Lokacin da kwantiraginmu ya ƙare bayan shekara biyu, rahoton yana nan a buɗe.